Rage ƙarar hob ɗin baya: littafin aikin da na yi wa keken hawan dutsena

Asabar, 2 ga Maris, 2024

Tun da na sauya ƙafar bayan keken nan nake fama da ƙara daga hob ɗinta, wato cibiyar ƙafar da aksil ke ratsawa. Da zarar na daina taka feda, sai ka ce an tono gidan rina a bayana. Akwai masu son wannan ƙarar, har kuɗi suke kashewa don su same ta, wai tana sanar da na gaba cewa ga keke nan tafe. Ni dai ba na cikinsu. Abin da ke kai ni daji shi ne in ji motsin taya a kan ƙasa, in ji lokacin da ta fara sulɓi a kwana, in kuma ji abokin tafiyata idan ya yi magana. Yau a wata gangara ya yi ta ɗaga murya yana cewa in yi hattara da wata saiwa da ta gitta hanya, ko kalma ɗaya ban ji ba sai da muka tsaya.

"Malam, wannan hob ne ko injin niƙa?" in ji shi.

Don haka na yanke shawarar buɗe shi, in kuma riƙa rubuta duk abin da na yi, saboda na san halina: bayan wata biyu ba zan tuna wane mai na sa ba.

Ɓangaren da ke ƙarar shi ne firihob, wato gangar da jerin haƙoran giya ke zaune a kanta. A gindinta akwai wasu 'yan ƙarafa da ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba, ni harsuna nake ce musu, sifirin na tura su waje. A cikin hob ɗin kuma akwai zobe mai haƙora. In ka taka feda, harsunan su cije haƙoran, taya ta juya. In ka saki, zoben ya ci gaba da juyawa, harsunan su riƙa hawa kan kowane haƙori suna faɗawa bayansa. Wannan faɗawar, ƙarfe a kan ƙarfe, ita ce ƙarar, sai kuma gangar hob ɗin da sifok da rim su ɗauke ta su ƙara mata amo.

Kafin in taɓa komai na rataye keken, na ajiye waya taku ɗaya daga ƙafar baya, na juya feda sau biyar a giya ɗaya, na saki, na naɗi sautin. Haka zan riƙa yi kowane lokaci, domin kunne makaryaci ne, musamman kunnen wanda ya sha wahalar gyara yana son ya ji an samu sauƙi.

Lahadi, 3 ga Maris

Na cire aksil ɗin mai milimita 12, na fidda ƙafar. Na kwance jerin haƙoran giyar da sifanar da ake riƙe su da ita, mai guntun sarƙa a jiki, da makullin zoben da ya ɗaure su. Daga baya na gane ba lallai ne a cire su ba a irin wannan hob ɗin, ana iya zare firihob ɗin tare da su, amma karon farko ina son ganin komai a fili. Murfin ƙarshen aksil ɗin turawa kawai aka yi, ba zare ne da shi ba, sai dai ya kama gam. Sai da na naɗe shi da tsumma na ja da filaya a hankali. Daga nan firihob ɗin ya zaro a hannu.

Abin da na tarar bai ba ni mamaki ba. Ciki a bushe yake, sai wani baƙin datti mai ɗan ƙyalli da ya taru a gindin haƙoran, ragowar man masana'anta ne da ya haɗu da ƙura da garin ƙarfe. Harsuna uku ne, sifirin guda ɗaya kamar siririn zobe ya kewaye su duka. Na ɗiga alama da alƙalamin maka na ƙirga haƙoran zoben sau biyu: 36. Ke nan digiri 10 ne tsakanin cizo da cizo. Harsunan uku tare suke faɗawa, ba bi da bi ba, shi ya sa kowace faɗawa take da ƙarfi haka.

Na ɗan yi lissafi don in san girman abin. Taya mai inci 29 tana cin kusan mita 2.3 a zagaye ɗaya. A gudun kilomita 20 cikin awa, zagaye biyu da ɗan wani abu take yi a daƙiƙa, wajen 2.4. In ka ninka da 36, ka samu bugu kusan 87 a kowace daƙiƙa. Ba abin mamaki ba ne da kunne ya daina jin su ɗai-ɗai, ya koma jin zuuu.

Na shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashi kafin in cire sifirin ɗin, don in harshe ya faɗi ƙasa sai an yi rarrafe. Na wanke harsunan da zoben da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na bi gindin kowane haƙori da tsinke. Boris ɗin ban bari sifirit ya kusance su ba. Rufaffu ne, giris ɗinsu na ciki, in ruwan wanki ya shiga ya narkar da shi ba ka da hanyar mayarwa sai ka ɓalle robar.

Yau da mai na fara, man sarƙa mai ɗan kauri irin na lokacin ruwa, ɗigo ɗaya a mazaunin kowane harshe, 'yan ɗigo a kan zoben. Wajen mayarwa akwai dabara: ka tura firihob ɗin kana juya shi baya, wato ɓangaren da yake zuwa idan an saki feda, sai harsunan su kwanta da kansu su shige. Na ɗaure zoben haƙoran giya da ƙarfin niyuton-mita 40 kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Sautin ya yi laushi, kaifinsa ya ragu, amma yana nan.

Asabar, 9 ga Maris

Fita biyu, wajen kilomita 40 a haɗe, ƙarar ta dawo kusan yadda take. Na saurari naɗin yau da na ranar farko a jere, da ƙyar na bambance su. Mai ba ya tsayawa. Juyawar hob ɗin ta watsa shi gefe, har na ga ɗan tsatstsafo a bakin robar da ke tare ƙura. Na goge shi da sauri don kada ya kai ga faifan birki, ko da yake yana can ɗaya ɓangaren.

Lahadi, 10 ga Maris

Tunda mai ya gudu, na ce bari in sa abin da ba zai gudu ba. Ina da gwangwanin giris na boris, mai kauri, wanda aka rubuta wa lamba 2 a ma'aunin kaurin giris na NLGI. Ma'aunin daga 000 ya fara, wanda kusan ruwa ne, ya ƙare a 6, wanda kamar sabulu yake, kuma 2 shi ne giris ɗin da kowa ya sani. Na lakato da yatsa na cika gindin haƙoran duka 36, na shafe harsunan, har ƙarƙashinsu na cusa.

Shiru. Na juya taya na kasa kunne, sai wani ɗan ƙus-ƙus can ciki. Na naɗa na tura wa abokina ina alfahari. Amsar da ya ba ni gajera ce: "Wane giris ka sa?" Da na faɗa masa sai ya ce in sake tunani. Ban sake ba.

Akwai alamu biyu da na gani na kau da kai. Na farko, da na juya taya na saki, sai feda ta riƙa bin ta a hankali, alhali ya kamata ta tsaya cak. Na biyu, da na mayar da feda baya da sauri, sarƙar sama ta saki ta taɓa firam. Duka biyun suna nufin firihob ɗin ba ya sakin jiki, giris yana jan sa. Na ce wa kaina zai lafa in an yi tafiya.

Asabar, 16 ga Maris

Garin neman gira saura ƙiris in rasa ido.

Da sassafe muka fita, da sanyi. Kilomita biyar na farko daɗi kawai, ina jin tsakuwa ƙarƙashin taya, ina jin tsuntsaye. Sai muka zo wani hawa mai matakalar duwatsu, inda dole ka saki feda ka daidaita ta, sannan ka miƙe tsaye ka danna da dukkan nauyinka. Na danna. Feda ta tafi fayau ba abin da ya riƙe ta, wajen rubu'in zagaye, sannan na ji ƙas! ta cije. Kafin nan gwiwata ta riga ta daki kan keken, na kife gefe cikin ciyawa. Ban karye ba, gwiwar ce ta kumbura, tafin hannu ya ɗan goge.

Abokina bai ce "ai na faɗa maka" ba, wanda ya fi min ciwo da a ce ya faɗa. Ɗaga ƙafar bayan kawai ya yi, ya juya feda da hannu, ya tsayar, ya sake juyawa. A karo na huɗu ta sake zamewa. Turo keken na yi a duk wani hawa har muka dawo.

Lahadi, 17 ga Maris

Da na zare firihob ɗin, harsuna biyu a kwance suke cikin giris kamar an liƙe su. Na danna na ukun da tsinke na saki, sai ya miƙe a hankali, kana iya bin sa da ido. Harshe mai lafiya ba a ganin tashinsa, ƙararsa kawai ake ji.

Ga abin da ban yi tunani a kai ba ranar da nake ta lakato giris. Sifirin ɗin nan siriri ne, ƙarfinsa kaɗan ne, da gangan aka yi shi haka don kada ya riƙa jan taya. Aikinsa kuwa shi ne ya tayar da harshe cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin tamanin na daƙiƙa ba, kamar yadda lissafin ranar nan ya nuna. Giris mai kauri da ke ƙarƙashin harshe yana riƙe shi ƙasa, wanda ke gindin haƙori kuma yana hana shi shiga har ƙarshe. Sanyi ya zo ya ƙara masa tauri. Shirun da na yi ta murna da shi, shirun harsunan da ba sa taɓa haƙora ne. A hob mai harsuna, in ƙara ta ɓace gaba ɗaya, to ba gyara aka yi ba.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Da na wanke na duba da gilashin ƙara girma, bakin harshe ɗaya ya ɗan ɓantare, kaifinsa ya zama mulmulalle. Shi ne ya ɗauki nauyina shi kaɗai, a kan bakin haƙori, nauyin da ya kamata su uku su raba. Zoben dai Allah ya taimaka, na bi shi haƙori-haƙori da fitilar waya, tabo ɗaya mai ƙyalli kawai na gani, ba tsagewa. Da shi ne ya lalace da aikin ya yi girma, don zare ne da shi a jikin hob ɗin, taka feda kullum ƙara ɗaure shi yake, sai da makulli na musamman yake fita. Na yi odar sababbin harsuna uku da sifirin. Ba zan sauya ɗaya in bar biyu ba.

Tunda zaman jira ya kama ni, na karanta yadda sauran hob suke, na gane cewa rabin ƙarar ma a ƙira take, mai ba zai kai gare ta ba. DT Swiss ba harsuna suke amfani da su a shahararrun hob ɗinsu ba, zobba biyu ne masu haƙora a fuska da sifirin ke haɗawa, ana samunsu da haƙora 18 ko 36 ko 54, kuma kamfanin na da giris ɗinsa na musamman da yake cewa a shafa kaɗan. Hope Pro 4, wanda ya yi suna wajen ƙara, harsuna huɗu gare shi da haƙora 44. Hydra na Industry Nine harsuna shida ne masu cizo bi da bi a kan haƙora 115, ya zama wuraren cizo 690 a zagaye ɗaya. Wanda ba ya ƙara ko kaɗan shi ne irin na Onyx, saboda ba haƙora a cikinsa sam, wasu 'yan ƙarafa ne ke matse gangar idan an taka, su saki idan an bari. Nawa ba irinsa ba ne, kuma duk giris ɗin duniya ba zai mayar da shi haka ba. Na rage buri: so nake ƙarar ta koma ƙasa da ta taya a kan tsakuwa, shi ke nan.

Asabar, 30 ga Maris

Kaya sun iso, gwiwa ta saɓe. Wannan karon na samo giris marar kauri, irin wanda ake shafa wa robobin fok ɗin gaba (ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba), wanda in ka lakata yake jan zare ya narke a yatsa, da kuma man da aka yi musamman don firihob. Kamfanin Dumonde Tech na yin duka biyun, mai da giris na firihob, akwai kuma wasu.

Kafin in sa a keke na yi gwaji a kan tebur da tsofaffin harsunan. Na shafa giris ɗin, na ɗaure firihob ɗin cikin leda, na sa a firji na awa ɗaya. Da na fito da shi na danna kowane harshe da farce: tas, tas, tas, duk suka miƙe nan take. Don in cire shakka na maimaita da giris ɗin da ya kayar da ni. Biyu daga cikin ukun ko motsi ba su yi ba. Da na yi wannan gwajin ranar 10 ga wata, da gwiwata ta huta.

Ga yadda na raba su. Mazaunin harshe, wato ramin da yake lilo a ciki, da kan sifirin: mai kaɗai, ɗigo ɗaya kowanne. Zobe mai haƙora: giris, da ƙaramin buroshin fenti, shafa ɗaya siririya yadda har yanzu ana hango ƙarfen ta ciki. Duk abin da na yi amfani da shi bai kai ƙwayar wake ba. Inda ya taru a gindin haƙori na kwashe da tsinke. Bayan harsunan, inda suke gogar haƙora, na ɗan taɓa musu. Bakin robar da ke tare ƙura ma na shafa mata kaɗan, don busasshiyar roba tana jan taya, tana kuma ƙara nata kukan.

Na mayar, na ɗaure aksil, sai taya ta ƙi juyawa da daɗi, feda na bin ta fiye da da. Raina ya ɓaci, na ɗauka giris ɗin ne kuma. Ina juyowa na hango ɗan gajeren bututun ƙarfe a kan tsumma, wanda ke zama tsakanin boris ɗin hob da na firihob. Ba tare da shi ba, ɗaure aksil yana matse gangar firihob ɗin a jikin hob. Na sake buɗewa na sa shi. Taya ta juya har na gaji da kallo, feda kuwa ta tsaya wuri ɗaya.

Sautin yanzu kamar ana jan yatsa a kan haƙoran matsefi na roba: ana jin kowane bugu, amma ba kaifi. Manhajar auna ƙara a waya ta nuna ragin kusan desibel 10 idan aka kwatanta da ranar farko, wanda kunne ke ji kamar rabi. Ban yarda da ainihin lambobin waya ba, bambancin kawai nake ɗauka.

Kafin in yarda da shi na matse birkin baya, na taka feda da ƙarfi a tsaye, na mayar baya kaɗan, na sake takawa, sau talatin. Bai zame ko sau ɗaya ba.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na koma hawan da na faɗi. Sau uku na hau shi, na farko da ɗar-ɗar. Ya cije kowane karo. A gangara mun yi hira ba tare da ihu ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Wajen kilomita 200 ke nan, ciki har da fita biyu cikin taɓo. Ƙarar ta ɗan tashi, ba kamar ta farko ba, amma na lura. Dole ne hakan: harsunan suna share giris daga kan haƙora a hankali suna tura shi gefe. Wajen wanki na daina nufar hob ɗin da ruwa mai ƙarfi, soso da bokiti kawai.

Wani sabon sauti ya ɓullo wanda ya tayar min da hankali, ƙiƙ-ƙiƙ a duk lokacin da na danna feda a hawa. Na ɗauka harshe ne ya fara ci. Sai na tsaya na yi tunani: ƙarar harsuna a lokacin sakin feda take zuwa, wannan kuwa a lokacin takawa. Na cire haƙoran giyar, na ga tsagogin gangar firihob ɗin a bushe, da 'yan tabo inda ƙananan giyoyin suka ɗan ci alminiyon. Ashe ranar 30 ga Maris, cikin haushin bututun nan, ban shafa musu komai ba, kuma da hannu na ƙiyasta ɗaurin. Na goge, na shafa giris mai kauri, wanda a nan ne wurinsa, na ɗaure da sifana mai awo zuwa 40. Ƙiƙ-ƙiƙ ɗin ya tafi.

Asabar, 18 ga Mayu

Na buɗe don dubawa, mako bakwai bayan shafawa, kilomita kusan 350. Yanzu aikin ba ya wuce minti goma, tunda ba na cire haƙoran giya, jan su nake yi gaba ɗaya da firihob ɗin. Giris ɗin ya yi ruwan toka amma bai bushe ba, ba alamar ruwa ko tsatsa. Yawancinsa ya koma gefen zoben, saman haƙoran ya fara ƙyalli. Bakin sababbin harsunan na nan da kaifinsu, duka ukun suna tashi tas.

Na goge da tsumma, na maimaita rabon ranar 30 ga Maris, sai dai wannan karon na gauraya ɗigon mai biyu cikin giris ɗin zoben, in ga ko zai riƙa komowa kan haƙoran maimakon ya tsaya a gefe. Naɗin yau ya yi daidai da na ranar 30. Boris ɗin waje na firihob, mai lamba 6902, na ji ya fara ɗan kaushi a yatsa idan na juya shi. Ban sauya ba tukuna, na dai yi odar guda biyu. Zan sake buɗewa a ƙarshen Yuni, ko kafin nan in ƙarar ta fi ta taya.